Cokali Ɗaya Kafin a Fara Guga

Kada ka ce ba ka gani ba. Ka gani. Sau nawa ka shiga gidan wankin nan da ƙunshin kaya a hammata, ka tsaya gaban kanta kana jira a nemo lambarka? Ƙofar ɗakin kaya a buɗe take, kwandon yana ƙasa tsakanin ɗaurin zannuwan gado, jaririn yana ciki, idonsa a kan silin. Ke ma kin leƙa, har kika ce, "Kai, wannan yaro akwai haƙuri!" Kuka karɓi kayanku masu ƙamshin sitaci, kuka tsaya kuna duba wuyan riga ko dattin ya fita. Ya fita fes. Yaron ne ba wanda ya tsaya ya duba.

Abin ya fara ne yana da wata biyu. Uwarsa, wadda duk gidan ke kira Amarya ko da yake ta shekara biyu a cikinsu, ita ke riƙe da teburin guga. Uwar mijinta, Mama, ita ce mai wurin, a kanta take zama. Yayar mijin, Anti, ita ke kan injin wanki da shanya. Mijin kuwa kai kaya da ɗaukowa a mota, shi ya sa har uwarsa Direba take ce masa. Babban aikinsu na wani otal ne: fararen zannuwan gado, rigunan filo da tawul, duk ranar Alhamis a kai su a goge, a ninke, ba ɗigon komai a jiki.

Ran nan Amarya ta sauke goyo ta ba shi nono, ta saɓa shi a kafaɗa, ta sunkuya za ta gyara bakin wani zani. Yaro ya yi tumbiɗi a kan ninkakkun kaya, ya ratsa har zani na uku.

Mama ta taso daga kanta tana salati.

"Farin kayan mutane! Amarya, so kike a karɓe mana aikin nan?"

"Yi haƙuri, Mama, yanzu zan sake wanke su."

"Ba maganar sake wanki ba ce. Daga yau ba goyo a ɗakin guga. Ga zafin dutse, ga tiriri. Don lafiyarsa ma nake faɗa. Kuma hannun da ke taɓa farin kaya ba ya taɓa jariri sai lokacin nono."

Aka zazzage wani kwandon wanki, aka shimfiɗa tsohon tawul a ciki, aka kai shi ɗakin kaya. Bango ɗaya ne tsakaninsa da uwarsa. Nono sau uku a wuni, a tsaitsaye, Mama tana kallon agogo.

Kwana tara yana kuka. Amarya tana guga tana jin sa ta bango, nono yana jiƙa mata gaban riga. Da ta ajiye dutse sai muryar Mama ta riga ta zuwa ƙofa.

"Bar shi, huhunsa yake buɗewa. Kika saba masa da hannu kin kashe kanki."

A rana ta goma Anti ta shigo da wata 'yar kwalba daga kyamis, maganin mura na ruwa, ja, mai zaƙi.

"Anti, ai ba mura yake yi ba."

"Wa ya ce miki sai mai mura? Rabin cokali, ya yi barcinsa, ke ki yi aikinki. Nawa huɗu duk da shi na raine su, ga su nan ƙattai. Ko kin fi ni son ɗa ne?"

Ya sha, ya yi barci har azahar. Gida ya yi tsit. Mama ta leƙa kwandon ta yi dariya.

"Ka ga angona! Ka fi ubanka hankali. Shi da yana kamarka unguwa ba ta barci. Malam Shiru ke nan."

Sunan ya bi shi. Kafin wata ya ƙare rabin cokali ya daina aiki, aka mayar da shi cokali guda, kullum kafin a kunna dutsen guga. Daga baya ma ko maganin ya sake shi ba ya kuka. Ya kira, ya kira, ba wanda ya zo, sai ya daina kira. Wannan shi suka sa wa suna haƙuri.

Ranar awo da rigakafi kuma Anti ce ke kai shi asibitin unguwa, don teburin guga ba ya zama ba kowa. Duk abin da aka tambaye ta amsarta ɗaya: lafiya lau.

Yana da wata huɗu da rabi wata malamar makaranta ta kawo labule, da 'yarta a hannu. Mama ta fita salla, Amarya ta zo kanta ta karɓa. 'Yar ta ɗago kai cas, ta bi Amarya da ido, ta wangale baki tana dariya, ta kai hannu ta cafke biro. Tana ta gwaranci kamar mai ba da labari.

"Watanta nawa?" in ji Amarya.

"Huɗu saura mako. Ba ta barin kowa ya huta, surutu kamar ubanta."

Matar na fita Amarya ta shige ɗakin kaya. Ta durƙusa ta kama hannuwan ɗanta biyu ta ɗago shi a hankali. Kansa ya tafi baya, lagwal, kamar ba ƙashi a wuyan. Ta tallabe shi, ta kawo fuskarta daf da tasa, ta yi masa murmushi, ta kaɗa masa makullai. Idonsa ya wuce ta gefen kunnenta ya koma silin. Da ta shafa ƙeyarsa sai ta ji ta baje kamar tafin hannu, gashin wurin duk ya goge.

"Me kike yi a nan, ga dutse can a kunne?" in ji Mama, da ta dawo daga salla.

"Mama, wuyansa bai tsaya ba. 'Yar matar nan ba ta kai shi ba, amma har kama abu take yi. Shi ko murmushi bai taɓa yi mini ba."

"'Ya mace ce, su da rawar kai aka haife su. Namiji nauyin jiki gare shi. Ubansa sai da ya shekara da rabi kafin ya taka, ga shi yau yana tuƙa mota. Ki daina haɗa mini jika da 'ya'yan mutane, bakinki ya sari ɗanyen kashi."

Da la'asar ta tari mijinta yana loda kaya a bayan mota.

"Don Allah ka zo ka ɗauki yaron nan ka gani da idonka."

"Yana zazzaɓi ne?"

"A'a."

"Gudawa?"

"A'a, amma…"

"To mene ne? Yaro yana ci, yana barci, ba ya damun kowa. Mutane addu'ar irinsa suke yi. Mama ta raini bakwai, ke da ɗaya tal kin ishe mu." Ya rufe bayan motar ya tayar da ita.

Yana ci, in ji shi. Da ya tsaya ya kalla, da ya ga yadda yaron ke kama nono ya ja sau biyar ya saki, barci ya kwashe shi da nono a baki. Amarya tana murza masa tafin ƙafa, tana hura masa kunne, kafin ya farka Mama ta ce lokaci ya yi.

Wata shida cif, ranar awo ta faɗo daidai da ranar da injin wanki ya lalace, Anti ta tsaya kan mai gyara. Dole aka bar Amarya ta kai shi da kanta. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗora shi a sikeli, ta duba kati, ta sake duba sikeli. Ta kifa shi a kan gado. Fuskarsa ta nutse a katifa, bai ko yi yunƙurin ɗagowa ba. Ta juyo shi, ta tafa hannu a gefen kunnensa, ya ɗan zabura.

"Yana ji. Ke ce uwarsa? Ina matar da ke kawo shi tana ce mini yana juyi?"

"Yayar babansa ce."

"Yana juyawa da kansa?"

"A'a."

"Dariya? Gwaranci? Kai hannu ga abu?"

Amarya ta girgiza kai.

"A ina yake wuni?"

Ta faɗa mata. Kwandon, bangon, nono sau uku. Daga ƙarshe ta faɗi kwalbar.

Nas ta cire tabarau ta ajiye. "Wannan magani ba na jarirai ba ne ko da mura suke yi, balle lafiyarsu ƙalau. Yana iya tsayar masa da numfashi. Daga yau ko ɗigo. Kin ji ni? Kuma 'yata, jariri ba da nono kaɗai yake girma ba. Da fuskarki yake koyon kallo, da muryarki yake koyon magana. In yana farke ki kifa shi a kan tabarma kina gabansa, ki kira shi, da haka wuya ke ƙwari. Ya yi kuka ki je. Ya nemi nono ki ba shi, ba ruwanki da agogo." Ta rubuta takarda ta miƙa mata. "Babban asibiti, wurin likitan yara. Alhamis suke ganin irinsa. Wannan Alhamis ɗin, ba ta gaba ba. Kowane mako da ya wuce asara ce gare shi."

Amarya ta dawo gida da takardar a cikin riga. Ta same su su uku a kanta, ta faɗi abin da aka ce, ba ta rage komai ba.

Anti ce ta fara. "Wato kin je kin kwance mana zani a gaban nas. Kin ce mata guba muke ba shi."

"Tambayata ta yi, Anti."

"Da ta tambaye ki ba ki da bakin cewa lafiya lau? Ni maƙaryaciya ce ke nan?"

"Su waɗannan in ba su ƙirƙiro wa yaro ciwo ba ba sa jin sun yi aiki," in ji Mama. "Kifa jariri a ƙasa kamar kwano! A gidana? Kuma Alhamis? Ita za ta zo ta goge mana kayan otal?"

"Mama, ɗana ne."

Mama ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ɗanki ne. To. Da shi kika zo daga gidanku? Direba, ka ji matarka."

Direba yana wasa da makullin mota, idonsa a ƙasa. "Ki bari wannan makon ya wuce, aiki ya yi yawa. Mako mai zuwa ni da kaina zan kai ku."

Makon ya wuce. Na gaba taya ta fashe. Na gaba kuma otal ya ƙaro tawul. Amarya ta ɗauke kwalbar ta tsiyaye a magudanar ruwa, ta ce duk wanda ya sake ba ɗanta za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Kwana biyu yaron yana mutsu-mutsu, yana wani ɗan kuka siriri kamar na kyanwa, ita kuwa kukan nan daɗi yake mata. Lokacin cin abincin rana sai ta bar nata, ta shimfiɗa zani a ƙasan ɗakin kaya ta kifa shi, ta kwanta rub da ciki a gabansa tana kiransa. Anti ta wuce da bokiti ta ce, "Makaranta aka buɗe? Allah ya ba da sa'ar jarrabawa."

A rana ta uku ya koma shiru. An sayo wata kwalbar, an ɓoye ta bayan jarkar bilic, ruwan farar da kaya. Yanzu ba a gabanta ake ba shi ba, kuma ba a maganar a fili. Duk wadda ta sami Amarya ta ba da baya, sai ta shiga ta ɗura masa ta fito. Amarya ta san ana yi, tana jin zaƙin a bakinsa, amma duk wadda ta tambaya sai ta rantse.

Wata Laraba otal ya yi babban taro, kaya suka zo ninki biyu. Da safe Mama ta shiga ɗakin kaya ta ba shi cokali, ta ƙara rabi saboda yawan aikin ranar, ta koma kanta ba ta gaya wa kowa ba. Anti ta iso a makare, ta leƙa ta ga yana motsa ƙafa, ta ɗauka ba a ba shi ba. Ta cika cokali ta ba shi. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba. Ai abin da ake ɓoyewa ba a tambayar wa ya riga wa.

Wajen sha ɗaya Amarya ta ji ƙirjinta ya cika, ta kifa dutsen a kan zani don ta leƙa shi ta dawo. Ta same shi baki buɗe, leɓɓansa sun yi duhu. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi. Ta kira shi, ta jijjiga shi, ta murza ƙafarsa. Ta kafa ido a ƙirjinsa. Ya ɗaga. Ta jira, ta jira, kafin ya sake ɗagawa.

Ta sungume shi ta fito ba mayafi.

"Ina za ki?" in ji Mama. "Barci yake yi!"

"Nawa kuka ba shi?"

"Ni ɗan kaɗan na ba shi da safe."

Anti, da ke tsaye da kwandon shanya, ta juyo. "Kin ba shi, Mama? Ai ni ma…"

Suka dubi juna. Sai ƙauri ya taso daga ɗakin guga.

"Zanin otal!" Mama ta ƙwala ihu. "Amarya, kin bar dutse a kan zanin otal!"

Su biyun suka ruga ɗakin guga. Amarya ta ruga titi, ta tsaya tsakiyar hanya da ɗa a hannu har wata mota ta taka birki.

Ya rayu. Kwana huɗu suka yi a babban asibiti, biyun farko da robar iska a hancinsa. Likitan yara ta duba shi tsaf, ta karɓi takardar nas da ta yi laushi don zufa, ta karanta kwanan watan, ta dubi Amarya.

"Mako uku da rubuta wannan."

Amarya ta kama hannun ɗanta.

"Zai warke, likita? Zai zauna? Zai yi tafiya?"

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Ƙwaƙwalwar jariri tana da saurin kamawa, da yawa suna cim ma 'yan'uwansu in aka tashi tsaye. Wasu kuma wani abin ba ya dawowa. Za mu fara gashi da motsa jiki sau biyu a mako. Sauran aikin a hannunki yake, kullum, ba fashi."

A rana ta uku Direba ya zo da ledar lemo, ya tsaya daga bakin gado.

"Mama tana gaishe ki. Ta ce tsautsayi ne, kowa da ƙaddararsa. Ta ce maganar zanin da ya ƙone ta yafe, ki dawo kawai."

"Ta yafe."

"Wallahi ta yafe. Kin san kayan sun taru, Anti ba ta iya kwalar riga ba."

"Ranakun motsa jikinsa Litinin da Alhamis ne."

Ya sosa ƙeya. "Litinin ba matsala. Alhamis ɗin ce… ko za a roƙe su su canza?"

"Ɗauke shi," in ji ta.

"Me?"

"Ɗanka. Ɗauke shi ka riƙe."

Ya sa hannu ya ɗago shi yadda yake ɗaukar ɗaurin kaya. Kan yaron ya tafi baya. Direba ya firgita ya mayar da shi da sauri, ya goge hannu a wando.

"Ai ban san haka yake ba."

"Wata bakwai," in ji Amarya. "A gida ɗaya."

Da aka sallame su ba ta koma ba. Ta wuce ɗakin yayarta, ɗaki ɗaya da tabarma ɗaya. A can take kifa shi sau biyar, sau shida a wuni, ta kwanta gabansa tana yi masa waƙa, tana ba shi labarin duk abin da hannunta ya taɓa: ga kofi, ga ruwa, ga hancinka. Yana da wata takwas da 'yan kwanaki, wata safiya, ya dafa tabarma, wuyansa yana rawa, ya ɗago kai. Ya dube ta, ita, cikin ido. Bai fi numfashi uku ba kan ya koma ƙasa. Abin da 'ya'yan mutane ke yi a wata uku ke nan. Amarya ta kifa fuska a tabarma ta yi kukan da ta yi wata shida tana haɗiyewa. Har yau bai zauna ba. Ba wanda ya san ranar, ba wanda ya san ko akwai ranar.

A gidan wanki kuwa an sami labarin da ake ba masu tambaya. Yaron da ma haka Allah ya halicce shi. Uwar ce ba ta da tarbiyya, 'yan asibiti suka hure mata kunne. Maganin ai kowa yana bayarwa. Ba wanda ya ɗaga wa yaron hannu, ba wanda ya hana shi nono, to ina laifin? Suna faɗa, ana gyaɗa musu kai, ana cewa Allah ya kyauta.

Allah zai kyauta, amma kai fa? Tun ɗazu da kake karanta wannan akwai gidan da ya faɗo maka a rai. Gidan yayarka, ko na maƙwabcinka, ko naka. Ka tashi ka je yau. Ka ɗauki jaririn da hannunka, ka tambayi watanninsa. In ya wuce wata biyu ba ya murmushi, in ya kai huɗu wuya bai tsaya ba, in ya kai shida ba juyi, ba dariya, ba kai hannu, kada ka bari a rufe maka baki da labarin ubansa. Ka tambayi me ake ba shi da cokali, ka ce a nuna maka kwalbar. Za a ce ka cika shisshigi, za a daina amsa gaisuwarka. Ka bari a daina. Ka tsaya a ƙofar har uwar ta saɓa ɗanta, ka raka ta asibiti da ƙafarka, a wannan makon.